Uba da Kaluluwar Waken Suya

Ƙanena Uba bai taɓa tsayawa ya ji ƙarshen magana ba. Ko wa'azi ne, ko sanarwar mai unguwa, ko aike, da ya cafki kan zancen sai ka ga yana laluben takalmi. Tun muna yara Inna za ta ce, "Uba, maza je gidan Tambaya ka ce mata..." kafin ta rufe baki ya kai soro. Can sai ga shi ya dawo yana haki, "Inna, me kika ce in ce?" Ni ce babbarsa, ni na goye shi, kuma ko a bayana bai bar ni na sarara ba. Saboda haka in na faɗi halinsa ba gulma nake yi ba. Sunana Saude, awara nake soyawa a Kura, kuma duk unguwarmu an san bakina ba ya ɓoye gaskiya ko da ta ɗan'uwa ce.

Sunan kakanmu ya ci, shi ya sa ake ce masa Uba, amma ko kusa bai ɗauko natsuwar tsohon ba. Kamar wanda ya ci ƙafar kare, babu sana'ar da bai leƙa ba. Ya yi acaɓa, ya ce zaman jiran fasinja yana sa masa ciwon baya. Ya shiga injin casar shinkafa, ya ce ƙarar tana hana shi tunani, ni kuwa na ce wane tunanin. Ya yi dillancin tumatir a Kwanar Gafan, ya bi babbar mota har Ikko yana zaune a kan kwanduna, ya dawo mana da mura da labarai. Abu ɗaya ne kawai ya taɓa riƙe shi, shi ne gonar Baba.

Gonar tana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin ƙaramin kanal, inda ƙasar ta ɗan yi tudu. Baba yana saurayi ruwan madatsar Tiga ya iso gefenta, tun daga nan ya zama ɗan tumatir. Da tumatirinta aka yi mana sutura, aka aurar da ni, aka rufe ɗakin Inna da kwano. Uba a cikinta ya tashi. In ya tafi yawonsa, da an ce an saki ruwan rani sai ka gan shi ya dawo, ƙafar wando a naɗe, gonar zai fara leƙawa kafin ya shigo gida ya gaishe mu. Amma ko a can halin yana nan. Shi ne mai shuka iri yau, jibi ya tone ya ga ko ya tsaga. Baba ya sha maka masa ƙotar fartanya a kan wannan, duk a banza. Hali zanen dutse.

Akwai wata cuta da duk ɗan tumatir na yankinmu yake tsoro. Shuka tana tsaye lafiya lau, sai ta fara yaushi da rana tsaka ko da ƙasa a jiƙe take. In ka tuge ta sai ka tarar saiwar ta kumbura gudaji-gudaji. Malaman gona sun ce wata 'yar tsutsa ce da ido ba ya gani. Baba shi kaluluwa yake ce mata, mu ma haka muka tashi muna faɗa. Dokarsa a kanta guda ce: duk shukar da ta yi kaluluwa a tuge ta, a fitar da ita daga gona kafin ruwa ya bi ta kanta, don kada ya kwashi cutar ya kai wa wanda ke ƙasa da kai. Yakan ce asarar mutum tasa ce, amma haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Shekarar da ta cinye mana gona kaf, Uba ne ya taya shi tugewa, yana ɗan saurayi gemu bai fito ba. Suna tuga, Baba yana share ido da hannun riga. Wannan darasin dai Uba ya ji shi har ƙarshe.

Inna ta riga Baba tafiya. Da shi ma ya rasu, gonar ta zama ta mu uku: ni, da Uba, da autanmu Sammani. Ba mu raba ba, Uba ke nomawa yana ba kowa nasa. To amma ƙasar ta gaji. Shekara da shekaru tumatir a kan tumatir, ga tsutsar nan mai cinye ganyen tumatir da ake kira sharon, ga kaluluwa tana leƙowa jefi-jefi, ga buhun yuriya ya zama sai mai ƙarfi. Abin da Uba ke kawo mana ya yi ta ƙanƙancewa, har ta kai in ya shigo da shi ba ya yarda mu haɗa ido.

Sammani yana Kumbotso yana tuƙa adaidaita sahun wani, kuma ya gaji da tuƙa ta wani. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Wata rana gab da faɗuwar damina ya zo gidana, aka kira Uba, Sammani ya ce Alhaji Jaji mai injin shinkafa, wanda gonarsa ke iyaka da tamu, ya daɗe yana son ya haɗe. A sayar masa, kowa ya kama gabansa.

"Ƙasar nan ta mutu, Yaya Uba," in ji Sammani. "Gawa kake ta ba wa ruwa."

Uba ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. "Ba ta mutu ba. Gajiya ce."

"To, mu da muke jiranta ba mu gaji ba?"

Suka fara ɗaga murya, maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Na buga ludayi a bakin tukunya na ce kowa ya yi mini shiru, nan gidana ne ba tasha ba. Na yanke musu: a ba Uba damina ɗaya. In gonar ta nuna da sauran ƙarfinta, an binne maganar sayarwa. In ta gaza, Uba da bakinsa zai ce a sayar, ba sai an ja shi ba. Suka amince, na sa suka yi musafaha a gabana. Sammani ya tafi yana ƙunƙuni, Uba kuwa ko shayin da na zuba masa bai tsaya sha ba.

Ana cikin haka ƙungiyar masu ban-ruwa ta kira taro a gindin mangwaron bakin kanal. Malamin gona, Malam Taufiq, ya zo da wani baƙin gari a 'yan ledoji. Ya ce duk wanda ƙasarsa ta gaji ya hutar da ita da waken suya, amma ya cuɗa irin da garin nan kafin ya shuka. Ya nuna musu yadda ake cuɗawa. Uba ya karɓi irinsa da ledarsa, ya ga malamin yana warware wani babban hoto zai ci gaba da bayani, sai ya ce a ransa ai an gama mai wuyar. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar babur ɗinsa kawai suka ji.

Gidana ya nufo, don ni ke da babbar robar jiƙa wake.

"Yaya, ba ni robarki, da ƙaro, da ruwa mai ɗumi. Kuma a inuwa za a yi, a inuwa!"

"Wa alaikumus salam," na ce masa, tunda shi bai ga damar yin sallamar ba.

Na leƙa ledar. Gari ne baƙi wuluk mai ɗan danshi, kamar an daka gawayi.

"Wannan kwallin fa?"

"Ba kwalli ba ne. Rai gare shi. Wasu halittu ne a ciki, ba su ƙirguwa, ido ba ya ganinsu. In rana ta doke su sun mutu."

"To me suke yi?"

"Taki suke yi wa ƙasa."

"Ta yaya?"

Ya sosa ƙeya. "Yaya, ke dai miƙo ƙaron."

Ya jiƙa ƙaron, ya yayyafa wa irin har ya yi danƙo, ya barbaɗa garin, ya yi ta cuɗawa da hannu har kowace ƙwayar wake ta yi baƙi. Ya baza shi a inuwar rumfa ya ɗan sha iska, ya kwashe, ya lulluɓe da tsohon zanena, ya ɗaure a bayan babur. A ranar ya shuka. Gaskiya aikin ya yi kyau. Uba in dai aikin hannu ne na nan take, ba ka da abin cewa. Kafin ya fita na tare ƙofa na sa ya yi mini alkawari ba zai tone ko rami ɗaya ba, ya ce ya yi.

Waken ya fito. Duk kewayen shinkafa ce, saboda haka masu wucewa suka samu abin tsokana, wai ɗan tumatir ya koma noman awara don ya faranta wa yayarsa. Uba bai kula su ba. Ɗan takin sufa kawai ya sa, ko ƙwayar yuriya bai zuba ba, amma ganyen ya yi kore shar har yana baƙi-baƙi. Masu tsokanar suka fara rage gudu in sun zo saitin gonar.

Shi kuwa sai ya rasa sukuni gaba ɗaya. Da sassafe yana gona, da hantsi yana gidana yana ba ni labarin ganye, kafin azahar ya koma gona. Matarsa Sa'adiyya, baiwar Allah mai haƙuri, ta ce ko tuwo a tsaye yake ci. Ya zagaya kunyoyin nan har ya yi musu hanya a gefe. Hannunsa yana ƙaiƙayi ya ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa, alkawarina yana riƙe da shi. Kullum sai ya buga wa Sammani waya, "Zo ka gani da idonka." Sammani ya ce ganye ba wake ba ne. Da Uba ya matsa masa, ya ce to, zai zo Juma'a su haɗu a masallaci, daga nan su wuce gonar.

Safiyar wannan Juma'ar waken ya fara fure. Hadari ya haɗo daga gabas, iska tana kaɗa ganye. Uba yana zagayensa sai ya ga wasu 'yan shukoki a kusurwar da ruwa ke kwanciya sun yi ɗorawa-ɗorawa. Ya ce a ransa wannan ai ba tonon rami ba ne, dubiya ce. Ya tuge ɗaya.

Saiwar tana ɗauke da gudaji.

Ya ce mini daga baya sai da ya ji ƙasa ta juya masa. Ya ruga tsakiyar gona inda waken ya fi kyau, ya tuge wata. Gudajin sun ninka na farko, sun yi cincirindo a gindin saiwar. Ya tuge ta gabas, ya tuge ta yamma. Duk wadda ta fi kore ita ta fi kaluluwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ya danna lambar malamin gona, wayar ba ta gama ƙarar farko ba ya katse, don me zai tambaya, abin da ya sani tun yana yaro?

Ya ɗaga kai ya dubi hadarin. Ya dubi ƙasa da gonarmu, inda Malam Bilya, wani dattijo abokin Baba, ya yi fangalin renon tumatir, 'yan shukoki ƙanana da ya ɗora duk raninsa a kansu. In ruwan nan ya sauko, ta kunyoyinmu zai bi ya gangara can. Uba ya tuɓe riga ya fara tugewa daga ɓangaren gangaren. Ya tuga, ya runguma, ya kai bakin hanya ya zubar, ya dawo a guje. Shi kaɗai, ba hutu, ba shan ruwa, bai kira kowa ba don kunya. Kafin a yi kiran sallar Juma'a ya share rabin gonar.

Ya wanke ƙafa a kanal, ya sa riga, ya cusa shuka ɗaya a aljihu, ya nufi Kura. Ana idar da salla ya kamo hannun Sammani a ƙofar masallaci, ya ja shi wurin Alhaji Jaji da ke gaisawa da liman.

"Na faɗi, Sammani. Alkawari na yi, ga shi na cika. A sayar."

Sammani da ya zo ganin ganye sai ya tsaya baki buɗe. Uba ya juya ga mai saye. "Amma Alhaji, ba zan cuce ka ba. Gonar tana da kaluluwa, da idona na gani yau."

Alhaji Jaji ya ce shi ba tumatir zai sa ba, alkama ce da rani, ya ji ya gani. Liman ya tambaya, "'Yar'uwarku fa?" Uba ya ce yanzu zai je ya gaya mini. Liman ya ce to rabona ba ya cikin ciniki sai an ji ta bakina, Allah ya saka masa da alheri. Aka yi tayi, aka sallama, aka shafa fatiha a gaban jama'a. Alhaji ya miƙa wa Sammani kafin alƙalami, ya ce abin da ya rage a tsaye a gonar na Uba ne har ya girbe. Ciniki irin wanda mutane ke wata guda suna kai da kawo a kansa, Uba ya gama shi kafin masu bara su watse daga ƙofar masallaci.

Ruwan ya sauko da la'asar. Ina rumfa ni da Catherine, wadda muke kira Maman Lucky. 'Yar Binuwai ce, ta daɗe a Kura har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari, mijinta Mark makanikin injin ban-ruwa ne. Ita ke kawo mini waken awara daga garinsu, inda suka gaji nomansa kaka da kakanni. Ta kawo buhu ruwa ya tare ta. Sai ga Uba ya faɗo gidan jiƙe sharkaf, ya zaro shukar daga aljihu ya jefa a kan tabarma.

"Yaya, kaluluwa ce. Ta cinye gonar. Na tuge rabi, kuma na ce a sayar. An shafa fatiha."

Kafin in sami bakin magana Maman Lucky ta ɗauki shukar, ta kakkaɓe ƙasar, ta ɗaga ta saitin haske.

"Kai! Malam Uba, kai ka shuka wannan? Ko a garinmu ban cika ganin saiwa mai 'ya'ya haka ba."

"Maman Lucky, yau ba ranar wasa ba ce."

"Wa ke wasa? Matso ka gani."

Ta sa farce ta ɓalle gudaji ɗaya. Ya fita salin alin kamar ɗan dutsen ado, saiwar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ta tsaga shi biyu ta miƙa masa. Cikin ja ne, irin jan ɗanyen nama.

"Ciwon tumatir da kake faɗa na san shi, yana kama wake ma wani lokaci. Amma shi saiwar ce da kanta take kumbura, ba ya ɓallewa sai dai ka karya ta. Wannan a gefe yake maƙale. Ɗaki ne. Halittun da ke cikin baƙin garin da ka cuɗa, su suka gina shi suka shiga. In ka ga cikin ja, suna kan aiki ke nan. Mu a gida bayan wake muke sa masara, don abin da yake bari a ƙasa."

Uba ya dubi abin da ke tafin hannunsa, ya dube ta, ya dube ni. Sai wayarsa ta yi ƙara. Malam Taufiq ne, ya ga kiran safe. Na karɓe wayar daga hannun Uba na buɗe murya na gaya wa malamin abin da ke nan. Ya yi salati. Ya ce ai hoton da ya warware ranar taro na wannan ne. Ya ce sai da ya nanata, ku 'yan tumatir ku kula, za ku ga gudaji a saiwa, kada ku ɗauka cuta ce. Halittun nan iska suke zuƙa su mai da ita abin da ake saya a buhun yuriya, su ba wa waken, shi kuma ya ba su wurin zama da abinci. Gonar da ta yi gudaji haka, in ji shi, gona ce da ta karɓi magani.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Uba, kai wane irin mutum ne? Kunnen nan naka ado aka yi maka shi? Minti nawa ne bayanin malamin da ba za ka iya ɗora ɗuwawunka a benci ba? Ka haƙura sama da wata guda, sai ranar da Allah ya ba ka nasara ka je ka yi shelar faɗuwa a ƙofar masallaci!" Na faɗi abin da na faɗa, har da wanda ba zan maimaita ba. Haushi ya cika ni, kuma a ƙarƙashin haushin tausayinsa ne yake cina, don na san ba don kansa ya tuge ba.

Ya juya ya faɗa cikin ruwan.

Na yafa mayafi, muka tari adaidaita ni da Maman Lucky muka bi shi. Muka tarar da shi durƙushe a cikin taɓo. Yana kwaso shukokin da ya zubar a bakin hanya, yana huda ƙasa da yatsa, yana mai da su ɗaya bayan ɗaya. Sun sha ranar hantsi sun yi laushi, furen ya zube, in ya tsayar da wannan kafin ya kai ga na gaba ta kwanta. Malam Bilya ya fito daga bukkarsa da buhu a ka, ya ji labari, sannan ya durƙusa da tsufansa yana taya shi. Dukkanmu mun san ba za su kama ba, amma ba wanda ya iya faɗa masa. Ko ɗaya ba ta tashi ba.

Washegari na sa aka kira Sammani, mu uku har da Uba muka je wurin Alhaji Jaji a injinsa. Sammani tun a hanya ya ce shi fa abin da aka ba shi ya riga ya kai wa mai sayar da adaidaita. "Yaya Uba da bakinsa ya faɗa, ban ja shi ba, haka kika ce a yi." Alhaji ya saurare ni har na gama, kuma ban rage komai ba. Ya ce, "Hajiya Saude, ni ban tilasta wa kowa ba, nemana aka yi. A gaban liman aka sallama. Amma in Malam Uba ya ce ya janye, ya faɗa a inda ya faɗi ta farko."

Na zunguri Uba. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"Ba zan janye ba, Yaya. Yaron nan ya riga ya sa rai, kuma ba zan koma ƙofar masallaci in zama ƙaramin mutum ba. Magana zarar bunu ce."

Mutumin da bai taɓa tsayawa a kan komai ba, sai ranar ya ga damar tsayawa. Na ce to ni rabona ba na sayarwa ba ne, ko za a ba ni injin da abin da ke cikinsa. Aka zo aka auna, aka yanka mini 'yan kunyoyi ta bakin kanal. In akuya ta kwanta a tsakiyarsu, wutsiyarta tana gonar Alhaji. Na ce wa Uba ga su nan, ya noma, kada ya kuskura ya kawo mini ko tiya.

Rabin da ya tsira ya yi 'ya'ya har rassan suna rinjaya. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga Bunkure da ƙauyukan gefe, kowa yana tambayar ina ake samun baƙin garin. Sammani ma ya zo a sabuwar adaidaitarsa, ya tsaya a bakin hanya ya kalla, bai shiga ba, ya juya. Malam Taufiq ya ce in an zo girbi a yanka da lauje a bar saiwar a ƙasa, kada a tuge. Uba ya yanka, ya sussuke, ya kawo mini buhu har rumfa. Ban taɓa tace wake mai madara irin wannan ba, kuma ban taɓa soya awarar da na kasa ɗanɗanawa ba sai ita.

Da aka saki ruwan rani, tarakta ta zo ta share iyakar da ke tsakanin gonar Baba da ta Alhaji, aka watsa alkama. Da ta tsiro ta ɗan tasa, sai ga abu ya fito fili. Inda waken ya tsaya har girbi alkamar ta yi kore, ta yi kauri. Inda Uba ya tuge ta fito siririya, fari-fari. Layin ya raba tsohuwar gonarmu biyu, miƙaƙƙe, daga kan hanya ma ana hango shi. Uba yana 'yan kunyoyina yana dasa albasa, duk ɗagowar da zai yi sai idonsa ya sauka a kai.

Wata ranar kasuwa da hantsi ya shigo gidana, ya tsaya a bakin rumfa yana kaɗa makullin babur. Ya ce Alhaji Jaji ya same shi a bakin kanal. Ya ga layin, ya ji bayani, yana so in damina ta faɗi a sa waken suya a filin gaba ɗaya. Yaransa ba su iya cuɗa garin ba, yana so Uba ya zo ya cuɗa, ya shuka, ya kula, a riƙa biyansa kamar sauran 'yan ƙwadago.

"Ka ce masa me?"

"Na ce zan zo."

Na ajiye matacin da ke hannuna. "Ƙwadago? A gonar ubanka? Uba, ba ka da zuciya ne? Bai ishe ka ba ka ba shi ƙasar, sai ka bi shi ka gyara masa? Wallahi in ka je kada ka ƙara..."

"Yaya," ya katse ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni na san an sayar. Sammani ya sani, liman ya sani, duk Kura an sani. Ita ƙasar ba wanda ya gaya mata."

Na juya masa baya na ci gaba da tace wake, don kada ya ga idona.